"I Want You Back": aikin yaran gidan Jackson ne ko na kamfanin Motown?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Kwanan baya na ji wata tsohuwar waƙar Amurka mai suna 'I Want You Back' a ƙarshen wani fim, da na bincika sai na tarar ta wasu 'yan gida ɗaya ce, The Jackson 5, kuma wai Michael Jackson ne yake rera ta tun yana yaro. Mun yi gardama da wani abokina. Ni na ce baiwar yaran ce ta ɗaukaka waƙar, shi kuwa ya ce kamfani ne ya yi komai, yaran baki kawai suka sa. Tunda ɗaukar sauti sana'arka ce, wa ke da gaskiya a tsakaninmu? Kuma me ya sa waƙar da ta haura shekara 50 ba ta gundurar mai sauraro?"

Ɗan'uwa, barka kadai, kuma na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son a warware maka: yadda aka raba aikin waƙar tsakanin yaran da kamfanin, da kuma abin da ke cikinta wanda ya hana ta tsufa. A taƙaice, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya a batun rubutu da kiɗa, domin babu baiti ɗaya da yaran suka rubuta, kuma babu kayan kiɗa ɗaya da suka taɓa a faifan. Amma ya yi nisa da ya ce baki kawai suka sa. Abin da Motown, kamfanin faifai da ya fitar da waƙar, ya samu a 1968 ba yara ne masu daɗin murya kurum ba. Ƙwararrun mawaƙa ne waɗanda suka riga suka sha dandali, sai dai shekarunsu ne ba su kai ba. Wanda bai san wannan ba zai yi ta jingina abin ga baiwa ko ga dabarar kamfani, ya tsallake shekarun horon da aka yi a gida.

Kafin Motown

Iyalin Jackson mutanen Gary ne, wani gari na masana'antun ƙarfe a jihar Indiana, kusa da Chicago. Mahaifinsu Joseph ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, ya kuma taɓa kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya da ba ta yi nisa ba. Shi da matarsa Katherine sun raini 'ya'ya tara a gida mai ɗakin kwana biyu. Manyan mazan uku, Jackie da Tito da Jermaine, su suka fara, daga baya Marlon da Michael suka shigo. Joseph ya ɗora su a kan gwaji kullum bayan makaranta, kuma horon nasa ya haɗa da duka, kamar yadda Michael ya faɗa da bakinsa a hirarsa da Oprah Winfrey a 1993. Wannan ba abin yabo ba ne, amma tarihin waƙar ba ya cika idan aka ɓoye shi.

Daga gasar makarantu a Gary suka wuce gidajen rawa na dare, inda yaro ɗan shekara takwas yake tsayawa gaban manya masu shaye-shaye waɗanda ba su zo domin su ji tausayin kowa ba. Sun yi wasa a gidan Regal na Chicago, suka kuma ci gasar sababbin mawaƙa ta gidan Apollo da ke unguwar Harlem a New York a 1967, wurin da 'yan kallonsa suka yi suna wajen korar mawaƙi da ihu idan bai gamsar da su ba. A farkon 1968 wani ƙaramin kamfani na Gary mai suna Steeltown ya fitar musu da faifan "Big Boy". Ya ɗan yi kasuwa a yankinsu, bai wuce nan ba. Ka riƙe wannan faifan a ranka, domin zai yi mana amfani a gaba.

A watan Yulin 1968 mawaƙi Bobby Taylor ya gan su a Regal, ya ɗauke su zuwa Detroit aka gwada su a Motown. Mawaƙiya Gladys Knight ma ta riga ta yi wa kamfanin maganarsu kafin nan. Duk da haka, da lokacin tallata su ya zo, sai aka ce Diana Ross ce ta gano su, har aka sa wa kundinsu na farko suna "Diana Ross Presents The Jackson 5". Dalilin na kasuwa ne: tana shirin rabuwa da ƙungiyar The Supremes ta tsaya da ƙafarta, saboda haka labarin ya amfane ta, ya kuma amfani yaran da ba wanda ya san su. Haka nan aka rage wa Michael shekara biyu a takardun talla domin abin ya ƙara ba da mamaki. An haife shi ranar 29 ga Agusta 1958, wato yana da shekara 11 lokacin da waƙar ta fito a watan Oktoban 1969. Wannan ɓangare na talla yana ƙarfafa maganar abokinka.

Waɗanda suka rubuta da waɗanda suka kaɗa

Berry Gordy, wanda ya kafa Motown a Detroit a 1959, ya taɓa aiki a masana'antar harhaɗa motoci, kuma da wannan tunanin ya gina kamfaninsa: marubuta daban, makaɗa daban, masu koyar da rawa da ɗa'a daban, sannan ga taron tantancewa da ake yi kafin a yarda faifai ya fita. Sai dai kafin zuwan yaran ya sha wani ɗaci. Manyan marubutansa uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, waɗanda suka rubuta yawancin fitattun waƙoƙin The Supremes da Four Tops, sun bar shi bayan rigima a kan kuɗi, kuma sunansu ya riga ya yi girman da tafiyarsu ta girgiza kamfanin. Gordy bai so a maimaita haka ba. Shi ya sa idan ka duba faifan "I Want You Back" ba za ka ga sunan marubuci ba, sai "The Corporation", wato kamfani. Mutum huɗu ne a ƙarƙashin wannan suna: Gordy kansa, da Deke Richards, da Freddie Perren, da Alphonso Mizell.

Ba don yaran aka fara rubuta waƙar ba. Richards da Perren da Mizell sun tsara ta da sunan "I Wanna Be Free", suna nufin Gladys Knight da ita. Gordy ya ji kiɗan, ya ce a sake baitocin a mayar da ita ta yaro, irin abin da Frankie Lymon ya yi a 1956 yana ɗan shekara 13. Wannan shawara ce ta fi kowace muhimmanci a tarihin faifan, kuma daga kamfani ta fito. An yi kamar yadda tela yake yi, ya auna mutum tukuna kafin ya sa almakashi a yadi: aka ɗora waƙar a inda muryar Michael ta fi kaifi, aka bar masa gurabe na ihu da kirari, aka kuma raba wa yayyensa 'yan layuka gwargwadon muryar kowa.

A Los Angeles aka ɗauki kiɗan, ba a Detroit ba, saboda haka shahararrun makaɗan Motown da ake kira Funk Brothers ba su ne a ciki ba. Wanda ya kaɗa jitar bas, wato jita mai kaurin sauti, shi ne Wilton Felder, wanda asalin sana'arsa busa saksofon ce a ƙungiyar Jazz Crusaders. A cikin masu jita akwai David T. Walker da Louie Shelton. Tito yana kaɗa jita a dandali, Jermaine kuma bas, amma a situdiyo ba a ba su dama ba, kuma wannan hani na daga cikin abin da ya ɓata tsakaninsu da kamfanin daga baya.

Abin da ke cikin minti ukun nan

Ina ba ka shawara ka sa abin ji a kunne ka saurari waƙar sau biyu, karo na farko ka manta da murya gaba ɗaya ka bi bas kawai. Faifan yana buɗewa ne da mai fiyano ya ja yatsunsa a guje bisa madannai, nan take bas da fiyano su shigo tare suna taka kari ɗaya. A yawancin waƙoƙin wancan zamani aikin bas shi ne ya tsaya a ƙasa ya tallafi sauran kayan kiɗa, ba a cika lura da shi ba. A nan kuwa shi ne yake ɗauke da karin da mutum yake tashi da shi a ka. Yana hawa, ya dakata, sannan ya gangaro mataki-mataki, kuma da yawa daga bugunsa ba sa sauka daidai inda ƙafarka take jiran su. Sukan riga ta da ɗan kaɗan. Wannan 'yar rigayyar ce take sa jiki motsi. A samansa ga jita tana ta nanata sauti ɗaya siriri da sauri, sai goge su lulluɓe. Idan ka ƙirga bugun waƙar za ka tarar bai kai 100 a minti ba, wato tafiya ce matsakaiciya, amma jitar nan tana sa kunne ya ɗauka gudu ake yi. A ganina rabin amsar tambayarka ta biyu yana nan: waƙar da take gudu da gaske tana gajiyar da mai sauraro, wannan kuwa tana ba shi jin gudu alhali ƙafarsa tana tafiya a natse.

A sauraro na biyu sai ka koma kan murya. Kafin baiti na farko ma Michael ya riga ya shigo da 'yan kiraye-kiraye, kamar wanda maganar ta cika masa baki ya kasa jira. Labarin waƙar na nadama ne: saurayi ya raina yarinya lokacin da take hannunsa, wani ya ɗauke ta, yanzu ya dawo yana roƙo. Da babban mutum ne ya rera wannan a kan kiɗa mai sanyi, da ta zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan waƙoƙin kukan soyayya. Da kuma yaro ne ya rera ta da muryar wasa, da ta zama abin dariya na wata guda. Abin da ya faru shi ne kiɗan yana murna, baitocin suna kuka, yaron kuma ya ɗauki roƙon da gaske, yana ƙara matsa wa muryarsa daga amshi zuwa amshi har zuwa ƙarshe inda ta kusa tsagewa. Mai sauraro ba ya iya ajiye waƙar a ɓangaren farin ciki ko na baƙin ciki, kuma abin da kunne bai gama yanke wa hukunci ba yakan so ya sake ji.

Sai kuma gurbin da ke kusa da ƙarshe, inda kiɗa yake ja da baya 'yan'uwan su riƙa miƙa wa juna layi, Jermaine ya karɓa da muryarsa mai ɗan kauri, Michael ya hau kansa. Duk wanda ya tashi da jin makaɗi da 'yan amshinsa ba zai ji wannan baƙo ba, ko da yake su daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka suka gaje shi, kuma salon rarraba layi tsakanin mawaƙa da yawa ya yi tashe a lokacin ta hannun ƙungiyar Sly and the Family Stone.

A nan ne sana'ata take da abin cewa. Na ɗauki muryoyin yara a waƙoƙin makaranta da na talla, kuma abu biyu na koya. Na farko, yaro gwanin kwaikwayo ne. Idan ka rera masa layi zai maido maka da shi daidai, har da kuskurenka. Saboda haka idan wani ya ce manya ne suka koya wa Michael yadda zai furta kowane layi, ban musa ba, haka ake yi. Amma akwai abin da ban taɓa iya koya wa yaro ba: inda zai ja numfashi ba tare da ya karya magana ba, da yadda zai shigo gabanin bugu ko bayansa da gangan sannan ya koma daidai. Yaron da aka haddace masa waƙa yakan manne wa bugu kamar mai tsoron faɗuwa. Michael yana wasa da bugun, kuma wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe yana tsayawa gaban jama'a yana lura da abin da ke motsa su. Na biyu, muryar yaro ba ta da juriya. Bayan 'yan maimaici kaɗan sai ta dushe, ko hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma abin da ka samu a farko shi ne mafi kyau. Furodusoshin Motown kuwa an san su da sa mawaƙi ya yi ta maimaita layi har sai sun gamsu. Yaron da zai jure wannan ya kuma fito da zafin da ake ji a faifan ba sabon shiga ba ne.

Ka tuna kuma a 1969 a kan tef ake ɗauka. Ana iya sake wani layi, ana iya yanka a haɗa, amma babu manhajar da za ta ɗaga muryar da ta kauce ta mayar da ita kan hanya. Auto-Tune, wadda yau kusan babu situdiyon da ba ya amfani da ita, sai 1997 ta fito. Duk sautin da ka ji, haka ya fita daga maƙogwaron yaron.

Batun 'yan gida ɗaya ma ba talla ba ne kawai. Idan na haɗa 'yan amshi daga gidaje daban-daban, mafi wahalar aikin ba daidaita sauti ba ne, daidaita furuci ne: wani ya ja wasali, wani ya datse, wani ya rufe kalma kafin sauran. 'Yan'uwan da suka koyi magana a ɗaki ɗaya suna buɗe baki iri ɗaya suna rufewa tare, sai muryoyinsu su narke su zama kamar ta mutum guda mai faɗi. Shi ya sa ƙungiyoyin iyali suka yi yawa a wannan fage, irin su The Staple Singers da The Isley Brothers da Five Stairsteps. Kamfani yana iya hayar makaɗi, amma wannan haɗuwar ba a hayarta.

Yadda za ku raba gardamar

Tarihi ya ba mu gwaji uku da za a iya aunawa da su. Na farko shi ne "Big Boy" da na ce ka riƙe: yaran nan ne, muryar nan ce, amma babu marubutan Motown, babu makaɗanta, babu hanyarta ta kai faifai gidajen rediyo, kuma waƙar ba ta fita daga yankinsu ba. Wannan hujja ce ga abokinka. Na biyu shi ne "One Bad Apple" ta The Osmonds, wasu 'yan'uwa farar fata daga jihar Utah, wadda aka gina a kan salon Jackson 5 sak, har da ƙaramin ƙane mai siririyar murya, ta kuma kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, a farkon 1971. Ita ma tana nuna cewa tsarin yana kwaikwayuwa kuma yana sayarwa, ko da yake a kunnena ba ta da nauyin ta asali, kuma yau ba a cika jin ta ba. Na uku yana bayan faifan "I Want You Back" ɗin kansa, domin faifan lokacin fuska biyu gare shi, kowace da waƙarta: "Who's Lovin' You", tsohuwar waƙar Smokey Robinson ta 1960, mai tafiyar hawainiya, wadda ba ta da bas mai ɗaukar hankali ko wata dabara da mawaƙi zai fake a bayanta. Ba a auna ta da Michael ba, ta manya ce, amma rerawarsa ce ta zama wadda mawaƙan baya suke koyi da ita. Idan kana neman hujjarka, a nan take, ba a gaban faifan ba.

Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan a matsayin mai aikin sauti. Ni a kan kwamfuta nake aiki, ban zauna gaban na'urar tef irin ta wancan zamani ba, kuma hukuncin da na yanke a kan murya hukuncin kunne ne, wani ƙwararren yana iya auna shi daban. Haka kuma ingancin waƙa ba shi kaɗai yake sa ta daɗe ba. An gabatar da yaran a shirin talabijin na Ed Sullivan a watan Disamban 1969, a gaban miliyoyin masu kallo. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard ranar 31 ga Janairun 1970, ta kai na biyu a Birtaniya, sannan "ABC" da "The Love You Save" da "I'll Be There" suka biyo ta duk a cikin shekarar, kowace ta kai na ɗaya, kuma su ne faifansu huɗu na farko a Motown, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba kafin su. Bayan haka girman da Michael ya yi shi kaɗai ya riƙa jawo sababbin masu sauraro zuwa tsofaffin waƙoƙinsa. Mawaƙan hip-hop sun yanki kiɗanta sun gina nasu a kai, kamar yadda Kanye West ya yi wa Jay-Z a waƙar "Izzo" a 2001, kuma ina kyautata zaton fim ɗin da ka gani shi ne "Guardians of the Galaxy" na 2014, wanda ya rufe da ita. Kowane ɗaya daga waɗannan ya sake sa ta a kunnen wani sabon zamani.

Akwai ɓangare guda da maganar abokinka ta fi ƙarfi fiye da yadda shi kansa yake zato, wato kuɗi da mallaka. Tunda ba yaran suka rubuta ba, kason marubuta na mutum huɗun nan ne. Kason yaran a cinikin faifai kuwa bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma sun yi ta neman a bar su su rubuta nasu su kaɗa nasu ana hana su. Freddie Perren ya bar Motown ya je ya yi wa wata ƙungiyar 'yan gida ɗaya, The Sylvers, waƙar "Boogie Fever" wadda ta kai na ɗaya a 1976, alamar cewa hannunsa ne da gaske. Su kuma 'yan Jackson sun sanar da komawarsu kamfanin Epic a 1975, sai suka tarar sunan "Jackson 5" ma mallakar Motown ne, dole suka koma The Jacksons. Jermaine, wanda yake auren Hazel 'yar Berry Gordy, ya tsaya a Motown, ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa. Sai a 1978, a kundin "Destiny", aka bar su suka tsara faifai da kansu, kuma daga cikinsa aka samu "Shake Your Body (Down to the Ground)", wadda Michael da Randy suka rubuta, ta shiga goman farko a Amurka.